Numfashin Hajiya da Kunyar Ɗan Fari

Ranar da aka kai Hajiya makwancinta, falonmu na unguwar Soundview a New York ya kasa ɗaukar jama'a, sai da maƙwabta suka buɗe nasu. Takalma sun yi layi tun daga ƙofarmu har bakin lif. Ni ina zaune a ƙasa kusa da Mama, ana ta "ya haƙuri," ina ta "da godiya," har bakina ya bushe.

Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ce ta fara fasa kuka. Ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta zube a gaban Mama tana cewa da irin Hausarsu ta Zango, "Hajiya ya tafi ya bar ni. Yanzu wa zai faɗa mini gaskiya cikin garin nan?" Wata mai kitso 'yar Maraɗi, wadda ke da shago wajen Fordham Road, ta dafa ta tana cewa, "Wallahi ni tun da na san ta ban taɓa jin ta ce wayyo ba." Nan fa kowa ya kama. Mai haƙuri ce. Ba ta da ƙorafi. Ko tana tari kamar ranta zai fita, ka tambaye ta sai ta ce lafiya lau. Yaran gidan da ba sa mayar da Hausa suna tsaye a bakin kicin suna kallon manya, ɗaya daga cikinsu ya rungume filon da Hajiya take jingina da shi ya ƙi saki.

Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, kuma da zuciya ɗaya suka faɗa. Amma duk wanda ya yabi haƙurin nan sai in kawar da kai, domin ni na san abin da ya kusa jawo mata. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so a tuna da kakata a matsayin tsohuwar da ba ta taɓa cewa komai ba. Ta ce, kuma sai da ta faɗa sannan ta ji daɗin 'yan shekarunta na ƙarshe.

Hajiya mahaifiyar Babana ce, kuma sunanta aka sa mini. Saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, Ummi yake ce mini. Ita kuwa Takwara take kirana idan muna shiri, idan mun ɓata kuma in koma "wannan mai bakin." A Kano ta yi rayuwarta a gaban murhu. Da safe ƙosai, idan ana biki a unguwa ita ce kan tukwane, itace ɗanye ko busasshe duk hurawa take. Hayaƙin nan ne ya biyo ta har New York, bayan Baba ya ɗauko ta ta zo ta zauna da mu. Ranar farko da aka tambaye ta a asibiti ko ta taɓa shan taba, har ta dawo gida ba ta huce ba.

"Ni? Taba? Ki duba fuskata da kyau, Takwara. Na yi kama da 'yar tasha?"

Mace ce mai baki. Takan tsaya a shagunan Fordham Road ta yi ciniki da Hausa tsantsa da mutumin da ko sannu bai sani ba, kuma ta taho da kayan. Idan na yi kwalliya zan fita sai ta ƙare mini kallo ta ce, "Wannan wandon, ɗinki ne ya ƙare ko yadin?" Lokacin da 'yar Kumasin nan ta haihu, ba uwa ba dangi a ƙasar, Hajiya ce ta tare a ɗakinta. Ta dafa mata ruwan wanka, ta dama mata kunun kanwa, ta kori mijin zuwa falo, ta kuma yi masa faɗa a kan bai iya riƙe jariri ba. Tun daga nan matar ta mayar da ita uwa.

Mutum ɗaya ne bakin nan ba ya aiki a gabansa, shi ne Baba. Shi ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta zama su yi hira, ba ta cin abinci yana kallo. Idan ya durƙusa a bakin ƙofa yana gaishe ta, sai ta ja mayafi ta kafa wa talabijin ido, ta amsa a taƙaice. Ƙaninsa da ke Kano kuwa, idan ya bugo waya, sai ka ji dariyarta daga baranda. Da nake sabuwar shiga makaranta a ƙasar nan, kaina ya cika da abin da nake gani a gidajen ƙawayena, na taɓa tambayarta ko ba ta son Baba ne. Ta dube ni kamar na zubar mata da miya.

"Ke dai Allah Ya ba ki hankali."

Daga baya na lura. Tsokar da ta fi kyau a tukunya takan sa Mama ta ware, ta ce, "A ajiye wa mai fita da asuba." Idan dusar ƙanƙara ta sauka yana kan hanya da tasinsa, carbi ba ya barin hannunta sai ta ji motsin makullinsa. Da zarar ya shigo kuma sai ta juya baya kamar ba ita ba.

Da ciwon huhun ya kama ta sosai, Baba ne yake kai ta asibiti. Shi ke da mota, shi ke da Turanci, kuma uwarsa ce, wa zai ce masa a'a? An taɓa haɗa ta da tafinta ta waya, da ta ji muryar namiji sai ta rufe baki ruf. Ta ce ba za ta zauna tana ba wa ƙaton da ba ta gani labarin jikinta ba. Shi ke nan, Baba ya zama tafinta. Duk zuwa sai ya dawo da fara'a ya ce wa Mama, "Alhamdulillahi, likita ta ce makinta ya yi kyau."

Ni kuwa ɗaki ɗaya muke kwana da ita, kuma abin da nake gani daban ne. Idan za ta sa riga sai ta tsaya a tsakiya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana haki. Wanka ya zama aikin rabin safiya. Ta daina zuwa karatun mata na ranar Asabar, wai malamar ta cika surutu, alhali ita ce ta fi kowa surutu a ajin. Lokacin salla kuma ta koma tura ƙofa, abin da ba ta yi a da. Idan na yi magana sai ta ce, "Huhun nan nawa ne ko naki? Akwai waɗanda suka fi ni." Wannan ita ce maganarta ta kullum, akwai waɗanda suka fi ni.

Wata rana ba ni da aiki, sai na bi su, don kawai in riƙe mata jaka. A nan na ga yadda ake samun makin nan mai kyau.

Bayan an sa ta hura wata na'ura har idanunta suka yi ja, sai nas ta kawo takardar tambayoyi. Ba wani abu ba ne mai wuya. Yaya tari? Yaya kaki? Ƙirji yana ɗaurewa? Idan an hau bene fa? Barci, ƙarfin jiki, fita waje ba tare da fargaba ba. Kowace tambaya za a zaɓi lamba daga sifili zuwa biyar, sifili babu damuwa, biyar abin ya kai maƙura. Baba ya karɓi takardar ya juya yana kallon bango. Hajiya ta sunkuyar da kai tana kallon tayil.

"Wai yaya tari?"

"Da sauƙi."

"Wai barci fa?"

"Alhamdulillahi."

Ya zagaye sifili, wani wurin ɗaya. Da aka zo tambayar wanka da sa kaya, na ga kunnuwan Baba sun yi zafi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Wai 'yan hidimomin gida." Ta ce, "Ana yi." Ya zagaye sifili. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya a ɗakin nan. Shi ba zai iya tambayar uwarsa yadda take wanka ba, ita kuma gara ta shiɗe da ta zauna a gaban ɗan fari tana lissafa masa inda ke mata ciwo. Kowa ya kiyaye mutuncin kowa, takarda kuma ta fita tas.

Likitar mace ce mai sanyin magana, gashinta ya fara furfura. Ta dubi sakamakon na'urar, ta dubi takardar, ta sake duban Hajiya. Ta ce abin yana ɗaure mata kai tuntuni. Na'urar tana gaya mata iskar da huhu ke iya ɗauka, amma ba ta gaya mata yadda mutum yake wuni. Mutum biyu za su hura abu ɗaya, ɗaya yana zuwa kasuwa, ɗaya ko banɗaki sai an riƙe shi. Shi ya sa ake tambaya, kuma da amsar ake sanin wa za a canza wa magani, wa za a auna don ba shi iskar ɗauka a hannu, wa za a tura ajin motsa jiki. Tunda Hajiya kullum cewa take ba abin da ke damunta, ta bar ta a kan abin da take kai. Baba ya gyaɗa kai yana jin daɗi. Ni kuwa na san takardar ba ta faɗi gaskiya ba.

Ban iya riƙe magana ba, wannan a wurin takwarata na gado. Muna isa gida, ko takalmi Baba bai cire ba na ce masa zuwa na gaba ni zan shiga da ita, shi ya jira a waje.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Uwata ce fa, Ummi."

"Shi ya sa ba za ta faɗa ba, Baba. In dai kana ɗakin, ko tana mutuwa lafiya lau za ta ce."

"Yanzu ke za ki koya mini kula da mahaifiyata? Tun kafin a haife ki nake yi."

"Ka san rabon da ta yi wanka ba ta zauna a bakin baho ta huta ba?"

Na ga maganar ta shige shi, domin bai sani ba, kuma ba shi da hanyar da zai sani. Ya ajiye takalmin a hankali ya shige ɗaki. Kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Mama ce ta yi ta shiga tsakani, ni ta ce mini bakina ya yi kaifi, shi kuma ban san me ta ce masa ba. Da ranar ta zo dai ya kai mu, ya buɗe wa Hajiya ƙofar mota, ya raka mu har bakin ɗakin likita. Sannan ya koma kan kujerar jira ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa.

A ciki ma ba a sha da daɗi ba. Na karanta tambayar farko na ce, "To tsohuwa, yau ban da ƙarya." Ta yi mini daƙuwa a gaban likita. Sannan ta gyara zama ta ce ita fa ba za ta zauna tana ƙirga wa Allah abin da Ya ɗora mata ba. Ya ba ta ido, Ya ba ta ƙafa, Ya ba ta 'ya'ya da jikoki har da marasa kunya, sai don ɗan numfashi ta hau kai ƙararSa wurin baƙuwa?

Na ce, "Hajiya, ba ƙara ba ce. Ki gode maSa tukuna, sannan ki faɗi lambar. Shi ai Ya san ta tun kafin ki faɗa. Matar nan ce ba ta sani ba."

Ta juya zobenta. Can ta ce, "Karanto."

"Tari."

"Alhamdulillahi. Huɗu."

"Hawa bene."

"Alhamdulillahi. Wane bene? Ranar da lif ya lalace ai a shagon ƙasa na wuni, na ce muku hira nake."

Daga nan bakin ya buɗe. Lambobin ma ta watsar da su, ta koma ba da labari. Daga gado zuwa banɗaki sai ta jingina da firij. Idan ta ɗaga hannu za ta ɗaura ɗankwali sai ta ji kamar an zauna mata a ƙirji. Karatun Asabar ba malamar ba ce, tsoro take kada numfashi ya yanke mata a cikin bas, ta faɗi a gaban mutanen da ba su san sunanta ba. Ina fassarawa ina hawaye, ita kuma tana hararata wai in daina ɓata mata labari da kuka.

Da aka gama, likitar ta ajiye biro. Ta ce akwai tambaya ɗaya da ba ta cikin takardar. A cikin duk abin da ciwon nan ya ƙwace mata, wanne ta fi so a dawo mata da shi?

Na zaci za ta ce kasuwa, ko girki.

"Sujada," ta ce. "Idan na kai goshina ƙasa numfashin ɗaukewa yake. A kujera nake salla yanzu."

Na yi saurin cewa, "Hajiya, ai an halatta wa mara lafiya."

"Na fi ki sani. Na ce miki haramun ne? Kewa nake."

Ashe abin da ya sa take tura ƙofa ke nan. Na yi wa likitar bayanin yadda ake sujada, har sai da na sauka ƙasa na gwada mata. Ta kalla da kyau, ta yi tambayoyi a kan tsawon lokacin da ake ɗauka da yadda ake tashi, sannan ta rubuta a gefen takardar. Ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce dai yanzu ta san inda za su dosa.

A ranar nan makin Hajiya ya lalace ƙwarai. Da likitar ta kira Baba ta gaya masa, fuskarsa ta canza, ya dube ni kamar ni na zuba wa uwarsa ciwon a cikin rabin awa. Amma daga wannan mummunan makin ne abubuwa suka fara gyaruwa. Aka canza mata abin shaƙa. Aka auna ta tana tafiya, aka ga iskar jininta na sauka, aka ba ta 'yar tukunyar oksijin da ake ratayawa a kafaɗa. Aka kawo kujerar wanka. Aka sa ta ajin motsa jiki tare da wasu tsofaffi, inda aka koya mata fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki. Ta ce duk tsufanta sai yanzu za a koya mata hura koko.

Tukunyar nan ta sha zagi kafin su saba. Goyon tsufa take ce mata. Babban faɗan da muka yi kuwa a kan turaren wuta ne, don an ce ba garwashi ba hayaƙi kusa da oksijin. Hajiya ta ce ɗakin mace ba turare ai ɗakin gwauro ne. Na ɓoye kaskon, ta gano. Na kai shi gidan 'yar Kumasi, ta aika yaro ya karɓo. Sai da matar ta zo da kanta ta durƙusa ta ce, "Hajiya, in ka ƙone, ni wa zan je gurinshi?" Sannan ta haƙura ta koma humra, tana shafawa tana mita.

A ajin motsa jikin ne wata ma'aikaciya ta ɗauki maganar sujadar da gaske. Ta sa na kawo dardumar Hajiya. Suka yi ta gwaji, yadda za ta sauka da gwiwa ɗaya tana dafe da kujera, inda za ta tsaya ta fitar da iska, yadda za a ja robar da ke kai mata iska hanci ta baya don kada ta naɗe. An ɗauki watanni. Wata safiya na farka na ga kujerar sallar a gefe, Hajiya kuma a ƙasa, goshinta a kan darduma, tukunyar tana 'yar ƙararta a kusa da ita. Ba ta daɗe ba ta ɗago. Na yi kamar barci nake. Da ta sallame ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Munafuka, na san idonki biyu." Muryarta a jiƙe take.

Ba kowace salla take iyawa ba, ta asuba ce ta fi samu, sauran a kujera. Amma ta daina tura ƙofa. Ta koma karatun Asabar da goyonta a kafaɗa, ta dawo tana ba mu labarin wadda ta yi ƙiba da wadda 'yarta ta ƙi aure. Na fi son in tuna ta a wannan lokacin.

Wanda aka bari a baya shi ne Baba. Duk zuwa asibiti yana nan a kujerar jira. A mota sai ya tambaye ni da Turanci me ta ce, don kada ta ji. Ita kuwa ta riga ta ja mini kunne cewa abin da aka faɗa a ɗakin likita na ɗakin likita ne. Na ga yana ramewa a tsaye. Mutum ne da ya ɗauko uwarsa daga wata duniya don ya kula da ita, ga shi kowa ya san halin da take ciki, har baƙuwar likita, ban da shi. Abin ya dame ni, amma ban san yadda zan yi ba.

Shi ya samo hanya da kansa. Wata safiya ya gama gaishe ta, maimakon ya tashi sai ya ci gaba da durƙuso a bakin ƙofa. Ina zaune a gadona ina ɗaura takalmi. Ya dube ni ya ce, "Ummi, tambayi Hajiya, yau numfashin nawa ne?"

Tsakaninsa da ita bai fi a miƙa hannu ba. Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga fuskarsa, na haɗiye. Na juya na ce, "Hajiya, wai yau nawa ne?"

Ta ja mayafi ta kalli taga. Na ce shi ke nan, ta ƙi. Sai ta ce, "Takwara, ki ce masa alhamdulillahi, biyu."

Na juya na ce, "Wai biyu."

Ya ce, "Madalla," ya tashi ya fita.

Haka ta zama mana al'ada. Kullum da safe sai an yi, ni a tsakiya kamar wayar tarho. Idan ta ce ɗaya ko biyu, sai dare za a gan shi. Idan ta ce huɗu, da azahar sai ga shi ya dawo, wai ya manta wani abu, ya yi ta buɗe durowa a falo yana leƙen ƙofarmu. Ita kuma ta ce mini, "Wancan bawan Allah mantuwa ta yi masa yawa, a nema masa magani." Ba ta taɓa cewa biyar ba.

Sanyin da ya wuce ne ya kayar da ita. Ta yi mura, ta kwanta asibiti, ta fito ba ƙarfi. Sujadar ta sake gagara, wannan karon ba ta ɓoye ba. Ta sa na gaya wa likitar cewa ta gaji da allurai da injuna, idan lokaci ya yi a bar ta a ɗakinta. Likitar ta zauna da mu duka, har da Baba, aka tsara nas mai zuwa gida da maganin da zai rage mata wahala.

Ranar da ta rasu ba na nan. Ƙawata ta haihu a unguwar Tompkinsville, can tsallaken ruwa, na je na kwana don in taya su aikin suna, kuma Hajiya ce ta kore ni da kanta, ta ce na ishe ta da kallo. Mama ta fita aikin safe. Daga ita sai Baba a gidan. Ina cikin jirgin ruwa na dawowa aka bugo mini. Abin da ya faru a ɗakin ban sani ba sai bayan sadakar uku, da jama'a suka ragu, na tarar da Baba shi kaɗai a kicin da shayin da ya huce a gabansa. Ya ce in zauna.

Ya ce ya zo gaishe ta kamar kullum, makullin mota a hannunsa. Ya durƙusa, ta amsa da ƙyar. Ya ga yadda kafaɗunta ke ɗagawa, ya duba gadona ba kowa. Ya rasa yadda zai yi. Tashi ya gagara, tambaya ta gagara. Sai ya juya ya fuskanci gadon nawa, ya ce, "Ummi, tambayi Hajiya, yau nawa ne?"

Sannan ya ji ta, kalma ɗaya ɗaya, tana hutawa a tsakani.

"Takwara. Ki ce wa ubanki, alhamdulillahi, biyar ne. Ki ce ya ajiye makullin."

Ya ajiye. Ya kira nas, ya kira Mama, ya kira ni wayata ba ta shiga ba. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa. Sai ta ce, "Ki ce masa ya matso. Kwanciyar ta ƙi." Ya hau gadon ya zauna a bayanta, ya ɗago ta ya jingina bayanta da ƙirjinsa don iska ta samu hanya. Ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa jin nauyin jikin uwarsa ba, ashe ba ta da nauyi ko kaɗan. Suna nan zaune yana karanta mata kalmar shahada tana bi da leɓe, sai ta tsaya ta tattaro abin da ya rage mata.

"Ki ce masa bai taɓa ɓata mini ba. Ki ce na yafe masa duniya da lahira. Ki ce Allah Ya yi masa albarka."

Nas ta iso ta same su a haka.

Baba ya juya kofin shayin. Ni kuwa kuka ya ci ƙarfina, ina cewa da na sani da ban tafi ba, da ina nan. Ya girgiza kai.

"Kina nan, Ummi. Duk abin da ta ba ki, kin isar."

Sannan ya ɗaga hannuwansa, ni ma na ɗaga nawa. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa iyakar wahalarta ke nan.